Tantin Buhun Taki

Ni tela ne, sunana Manu, shagona yana nan bayan tashar Funtua. Duk wanda ya ce maka da hannuna a abin da ya sami Maiwada, ka ce masa ya ji tsoron Allah. Ɗinki aka kawo mini na ɗinka, shawara kuma na bayar aka watsa mini ƙasa a ido. Bari dai in ba ku labarin daga tushe ku yi hukunci da kanku.

Maiwada ɗan acaɓa ne. Yana da wani jan babur da ya sa wa suna Guguwa, shi ne gonarsa, shi ne kantinsa. Da shi yake ciyar da matarsa Shafa'atu da 'yarsu Raudatu, da shi yake kai wa Shafa'atu niƙan waken suya, don awara take yi ta sayarwa. Mutum ne mai kirki, ba ya cin haƙƙin kowa. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ya fi babur ɗin gudu.

Wata rana wani Bature ya tsaya shan mai a bakin titi, a kan wani babur mai girman ɗan maraƙi, an ɗaure masa kaya gaba da baya. Maiwada ba ya jin Turanci, Baturen ba ya jin Hausa, amma suka tsaya suna ta wurga hannuwa. Kafin magariba Maiwada ya iso teburin mai shayi da tarihin mutumin kaf.

"Daga bayan teku yake," in ji shi. "Ya keta ƙasashe ba adadi, kuma ko kwabo bai taɓa biya na masauki ba. Tanti gare shi. Inda rana ta faɗi masa, nan ne gidansa."

Kabiru, taubashinsa, wanda ba shi da aikin da ya fi so a duniya irin ya tsokane shi, ya ajiye kofi. "Da wane yare ya gaya maka duk wannan?"

"Mu matafiya ba ma buƙatar yare."

"Ku matafiya? Kai da ko Ɗandume ka kai fasinja sai ka kwana gidan gwaggo, wai dare ya yi?"

Aka kwashe da dariya. Maiwada ya miƙe tsaye, burodi a hannu. "Ku ba ku san komai ba. Kuɗin ɗaki shi ke karya matafiyi, ba mai ba. Ka shiga otal a ba ka ɗaki fanka na kuka, sauro na walima da kai, da safe a kawo maka lissafi kamar gidan ka saya. Ni nan da kuke gani, zan hau Guguwa daga Funtua har Agadas in dawo, mai otal bai ga fuskata ba."

"Sai zauren mutane ke nan," in ji Kabiru.

"Ko zaure! Ku shaida, jama'a. Daga nan har Agadas, in na kwana ƙarƙashin rufin wani, na kuɗi ko na kyauta, ɗaki ko zaure ko rumfa, Guguwa ta zama ta Kabiru, halak malak."

Mai shayi ya ce, "Maiwada, janye maganar nan, da Guguwa kake ci." Maimakon ya janye sai ya maimaita, har da buga tebur, shayina ya zube mini a wando. Kabiru kuwa bin mutane kawai ya yi da ido ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai.

Da aka gaya wa Maiwada kuɗin tanti na gaske a Kaduna, sai da ya nemi wuri ya zauna. Kwana biyu sai ga shi a shagona da tulin buhunan takin zamani, wofi, waɗanda ya tsinto a kasuwar hatsi.

Na ce, "To bari in farke su in juya cikinsu waje, rubutun ya ɓuya."

"Kada ka soma! Rubutun ai shi ne adon. Na Baturen ma da rubutu a jiki. Kuma kada ka farke ko ɗaya, ka jera su yadda suke, ninki biyu, saboda ruwa."

"In ban farke ba iska za ta riƙa shiga tana kumbura su."

"Ta kumbura mana. Sanyi ke nan."

Ba mai tsini yake so ba kuma, irin wanda kowa ya sani. Mai kusurwa huɗu yake so, gajere, mai faɗi, yadda shi da Guguwa za su shige ciki tare. Na ɗinka yadda ya ce. Da muka kafa shi a bayan shago don gwaji, na ja da baya na dube shi, wani abu ya tsaya mini a rai amma na kasa gane ko mene ne. Ya biya ni kuɗina, ya naɗe abinsa.

Sai maganar tsaro. A nan Maiwada ya nuna shi gwani ne. Ya tara gwangwanayen madara ya zuba musu tsakuwa ya jera a doguwar igiya, wadda zai kewaye tantin da ita. Ya sayi usur irin na alƙalin ƙwallo. Ya sa aka daka masa barkono, ɗan munci, ya cika leda. Sannan ya sayi sarƙa da kwaɗo, wai in zai kwanta zai ɗaure ƙafarsa da tayar babur.

"Ɓarawon da zai ɗauki Guguwa sai dai ya haɗa da ni," in ji shi.

Shafa'atu ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon yana ɗaure kaya. "Baban Raudatu, wa zai riƙa kai mini niƙa?"

"Ke ana maganar kafa tarihi kina maganar awara."

"Da awarar aka sayi tayar da za ka kafa tarihin. Ka dai sani cikin mutum uku ke kan babur ɗin nan da ka sa a bakin Kabiru."

"Kabiru ko a mafarki."

"To, Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ta saki labule.

Lokacin farkon damina ne. Masara ta kai gwiwa ta fara yin ruwan ɗorawa don yunwa, taki ya yi tsadar da manomi in ya tambayi farashi sai ya koma gida da ciwon kai. Kowa kunnensa na rediyo, ana jiran a ji an fara rabon na gwamnati. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da Maiwada ya manta, shi da aka haifa a tsakiyar gonaki.

Ya ce da asuba zai tashi. Da asubar kuwa ya tashi, amma sai ya ga ba kowa a titi da zai gan shi, ya koma ya jira gari ya waye. Ya zaga tasha, ya zaga kasuwa, ya bi ta gaban injin gurzar auduga, ya dawo tasha don wasu sun ce ba su ga tafiyarsa ta farko ba. Sai bayan azahar ya bar gari. Bai kai Bakori ba tayar baya ta yi faci saboda nauyin kaya. Aka liƙe. Ya ɗan taɓa tafiya jarkar mai ta kwance ta gangara cikin gonar dawa. Ya ɗauko ta, igiyar gwangwanaye ta zame tana jan ƙasa a bayansa, kare ya biyo shi. Mutumin da ya ce ranar farko a Maraɗi zai sha fura, rana ta yi ja bai ko shiga Malumfashi ba.

Ya saki kwalta ya bi wata 'yar hanya, ta kai shi wani ƙauye da ake kira Unguwar Baushe. Abin da ya faru can ban gani da idona ba, amma washegarin ranar da ya auku na ji shi daga baki fiye da goma, kuma duk bakinsu ɗaya.

A bakin ƙauyen akwai makarantar firamare da fili a gabanta, a gefe kuma gidan wani dattijo Kirista, manomi, ana ce masa Baba Monday. Yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya ya ga baƙo ya tsaya yana sauke kaya. Ya taso.

"Sannu da hanya, ɗana. Ga zaure can, akwai tabarma, yanzu matata Rahab za ta sauke tuwo. Shigo da babur ɗin ciki."

"Na gode, Baba. Ni ba na kwana a ɗaki."

"Ba kuɗi za ka biya ba."

"Ko da kuɗi za a ba ni."

Baba Monday ya dube shi da kyau. "Ɗana, zamanin nan ba na kwana a fili ba ne. Baƙo da babur, da dare, a bayan gari? 'Yan sintirinmu ba sa tambaya sau biyu."

Da Maiwada ya ce masa alkawari ya yi da taubashinsa, da an yi dariya an wuce wurin. Ina! Sai ya gyara tsayuwa, ya rage murya. "Baba, ni ba irin baƙin da ka saba gani ba ne. Manya sun san da zuwana. Daga sama aka tsara tafiyar nan."

"To, to. Alheri ne dai?"

"Gobe da safe idonku zai gane muku."

Shi a ransa nufinsa su ga yadda matafiyi ke naɗe gidansa ya ɗora a babur. Ya ja Guguwa zuwa tsakiyar filin makaranta, ya kafa tantinsa. Bai sani ba, daidai wurin nan ne babbar mota ta sauke taki shekarar da aka yi rabo na ƙarshe. Iskar hadari ta taso ta cika buhunan nan, suka kumbura tim, farare tas, rubutu a waje, a jere sahu bisa sahu. Abin da ya tsaya mini a rai a bayan shago ke nan.

Wata mata da ta dawo daga rijiya ta hango, ta kusa sakin tulu. Ta tambayi Baba Monday, shi kuma mutum ne da ba ya ƙarya, ya faɗi abin da aka gaya masa: manya ne suka turo shi, ya ce gobe da safe za a gani. Shi ke nan. Kafin a idar da sallar isha'i labari ya kai ƙauyukan da ke kewaye, kowa yana kiran ɗan'uwansa a waya yana ce masa kada ya gaya wa kowa. 'Yan sintirin da Baba Monday ke jin tsoron za su kama shi, su suka kewaye filin daga nesa suna gadin dukiyar al'umma. Tun da uwarsa ta haife shi Maiwada bai taɓa barci cikin tsaro irin na ranar ba.

Kafin alfijir ya gama ketowa layi ya miƙe daga filin makaranta har bakin rafi. Masu baro, masu jaki, masu keke, masu amalanke, mata a gefe guda da 'yan kuɗinsu ƙulle a bakin zane. A gaban layi akwai wata tsohuwa, Hajjo, wadda a rabon baya aka ƙare kafin a zo kanta, ta rantse bana ko mala'ika ba zai shiga gabanta ba. Ta matsa, ta ƙara matsawa, ƙafarta ta harɗe igiya.

Kwaram! Kwararam!

Maiwada ya farka a firgice. Ya leƙa ta kafar ɗinki, ya ga duhun mutane ta ko'ina, wasu da sanduna, wasu da bindigar toka a kafaɗa. Ya lalubo usur ya busa iya ƙarfinsa.

To a rabon baya, da usur ma'aikata suka buɗe layi.

Jama'a suka taho kamar an fasa dam. Kowa ya cafki buhun da ya fi kusa da shi yana ihun "Nawa ne wannan!" Maiwada ya ɗebi barkono ya watsa, ya manta yana cikin tanti. Rabi ya dawo masa a fuska, rabi ya fita ta ƙofa ya sami 'yan gaban layi. Ya zabura zai gudu yana atishawa, sarƙa ta tuna masa da alkawarinta. Ya kifa, Guguwa ta biyo shi ta kwanta a kan cinyarsa. A waje kuwa ana ta ja, wannan ya ja gabas wancan ya ja yamma. Ina gaya muku, ɗinkin bai saki ba, buhunan ne suka yage. Tanti ya tashi sama a hannun mutane kamar an yaye murfin tukunya.

Kowa na riƙe da yagaggen buhu wofi, ga mutum a ƙasa daga shi sai singileti, ɗaure da babur, hawaye da majina sun haɗe.

Hajjo ce ta fara magana, tana murza gwiwa. "Kai yaro, ina takin?"

"Wane taki?" Atishawa. "Iya, wane taki?"

"Wanda manya suka aiko ka da shi."

"Ni ba wanda ya aiko ni!"

"Baba Monday, me ya ce maka jiya?"

Baba Monday ya sunkuyar da kai. "Ya ce daga sama aka tsara zuwansa."

"Wallahi wucewa nake yi! Ni Agadas za ni!"

"Kun ji ko!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Nijar zai kai! Ya juye takinmu cikin dare ya sayar wa 'yan fasa-ƙwauri, ya bar mana buhu!"

Shugaban 'yan sintiri ya ce ai su sun kwana a wurin, ba motar da ta shigo. Nan take aka juyo kansa: ashe da ku aka haɗa baki! Don su wanke kansu sai suka fi kowa zafi, su ne masu neman a ba su shi minti biyar kawai. Wani ya riga ya cire takalmi.

Allah ya taimake shi Mai-unguwa Abubakar ya iso. Ya daka tsawa, ya ce ba wanda zai taɓa baƙo sai an bincika, a kai shi zauren Baba Monday, shi ne mai ƙofar ƙarfe a kusa. Aka nemi mabuɗin kwaɗo, an tattake shi cikin laka. Sai ƙarti suka ɗaga shi da babur ɗin gaba ɗaya, kamar yadda ya yi wa ɓarawo alkawari.

Da ya ga inda aka nufa da shi sai ya fara wutsil-wutsil. "Ranka ya daɗe, don girman Allah ba zaure ba! A ɗaure ni a gindin bishiya! A ɗaure ni a turken jaki!"

"Ikon Allah," in ji Mai-unguwa. "Ban taɓa ganin wanda ake ceton ransa yana zaɓen masauki ba. Ku shiga da shi."

Aka tambaye shi wa zai tsaya masa. Ya ba da lambata, yana roƙon kada a bari wani mai suna Kabiru ya ji. To wayata ta daɗe da lalacewa, ba a jin magana sai an sa ta a lasifika, kuma kiran ya same ni a teburin mai shayi, Kabiru na gefena. Har roƙon ya ji da kunnensa. Na ce mu tashi yanzu. Ba mu gama neman mota ba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka ce rafin ƙauyen ya cika ba a ƙetarewa sai gobe. Kabiru ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Alhamdu lillahi, ruwa rahama ne."

Washegari muka cika mota: ni, Kabiru, Shafa'atu, da duk wanda ya shaida alkawarin, har mai shayi ya rufe teburinsa. Muka tarar da taro a ƙofar gidan Mai-unguwa kamar ranar kasuwa. An kira maƙeri ya datse sarƙar. Maiwada na zaune a tsakiya, idanu jawur, ya ƙi kallon kowa.

Aikina bai ɗau lokaci ba. Na ɗaga yagaggen tanti na nuna musu bakin kowane buhu a ɗinke da na kusa da shi, na nuna inda ɓera ya ci, na zazzage ɗaya dusar masara ta zubo. Wani tsoho ya shinshina ya ce rabon buhun nan da taki tun kafin a yi jikarsa. Mutane suka yi ajiyar zuciya. Ba daɗi suka ji ba, don sun fi so a ce akwai takin ko da an sace shi.

Sai aka shiga lissafin ɓarna. Gwiwar Hajjo, idanun mutanen da barkono ya samu, masarar gefen makaranta da aka tattake, masu amalanken da aka ɗauko haya daga wani gari, ladan maƙeri. Mai-unguwa na faɗa, Maiwada na zaro kuɗi, har guzurin Agadas ya ƙare tas, aka bar shi da ledar da ya ƙullo kuɗin a ciki. Da otal ya kama a Malumfashi, mai firji da talabijin, da ya yi mako yana miƙe ƙafa.

Ya juya wurin Baba Monday a sanyaye. "Baba, kai kuma nawa ne naka?"

"Haba ɗana. Tun shekaranjiya na gaya maka, ɗakin baƙo ba a biya."

Kabiru ya matso da ladabi har da rusunawa. "Baba, wane ɗaki ke nan?"

"Zaurena. Nan ya kwana."

"Yana da rufi?"

"Sabon kwano, bara na buga."

Maiwada ya yi tsalle ya miƙe. "Ban kwana ba! Tsare ni aka yi! Kuma a tsaye na yi daren nan, ban runtsa ba, Allah ne shaidata!"

"A tsaye, da babur a ƙafa?"

"A tsaye!"

Sai ga muryar Rahab, matar Baba Monday, daga cikin mata. "Ɗana, kada ka sa sunan Allah a wannan. Tuwo malmala uku ka ci, ka nemi ƙarin miya, ka ce ko akwai bargo. Minsharinka ya hana kajina barci. Da asuba sai da na buga ƙofa na ce ka tashi lokacin sallarku na wucewa."

Dariyar da aka yi, har jakunan da ke ɗaure sai da suka amsa. Kabiru ya ba Mai-unguwa labarin alkawari, shaidu suka ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya, mai shayi na cewa shi fa ya ce a janye. Mai-unguwa ya ce shi ba ruwansa da alkawarin Funtua, amma namiji in ya faɗi magana a gaban mutane ya san abin da ya kamace shi.

Maiwada ya duba hagu ya duba dama, ba mafita. Ya taka zuwa wurin Guguwa. Ya sa hannun rigarsa ya goge lakar da ke kan tanki, ya gyara madubin da ya karkace, ya zare mabuɗi. A nan dariyata ta yanke, wallahi tausayinsa ya kama ni, don na san gobe ba abin da zai sa a tukunya. Ya miƙa wa Kabiru ba tare da ya ɗago kai ba.

Kabiru ya karɓa, ya jujjuya shi a yatsa, ya hau babur ɗin ya zauna, ya danna oda sau biyu don kowa ya shaida. Sannan ya sauko ya nufi inda Shafa'atu ke tsaye.

"Babur nawa ne, kowa ya gani. Amma ni ba zan ci abincin Raudatu ba. Matar yaya, ungo. Na ba ki, ke, ba shi ba."

Shafa'atu ta karɓa ba ta ko yi kara ba. Ta ƙulle mabuɗin a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori. "Baban Raudatu, in kana neman aikin acaɓa ina da babur. Kullum da yamma a kawo mini ciniki, da safe a kai niƙa. Kuma direbana ba ya wuce Bakori."

"A gaban mutane, Shafa'atu?"

"A gaban mutane ka bayar da shi."

Ita ya goyo zuwa gida, muna biye a mota muna ɗaga musu hannu. Ragowar tantin ma ba ta bari ba, ta sa aka naɗe, ta kawo mini na haɗa abin da ya haɗu. Na ce wannan karon dai a juya rubutun ciki. Ta ce a bar shi yadda mai shi yake so.

Da dare ya yi Maiwada ya nufi ɗaki ya tarar da ƙofa a rufe, ga tanti an kafa masa a tsakar gida.

"Mene ne haka kuma?"

"Ka ce ba ka kwana ƙarƙashin rufin wani sai ka ga Agadas," ta amsa daga ciki. "Gidan nan na haya ne. Ka karya sau ɗaya babur ya tafi. In ka sake karyawa me za ka bayar? Ba ka da komai."

Katangar gidan gajeriya ce, kuma maƙwabta na da idanu. Da na fito sallar asuba na tarar da mutane sun yi layi a ƙofar gidan har kwanar masallaci, wani da baro, wani da buhunsa a hammata. Ina tsaye sai ga Maiwada ya leƙo ta kan katanga, sauro ya yi masa zane a goshi. Ya dubi layin tun daga farko har ƙarshe, ya hango ni, ya gyara hula.

"Manu, ka gani ko? Tun da na dawo daga tafiyar nan jama'a sun hana ni sakat."

Daga cikin gida aka ce, "Direba! Wake na jira."